Me za a dafa yau?

Ranar wata Talata wajen ƙarfe tara da rabi na dare ina tsaye a kicin ina kankare ƙasan tukunyar da ta kama, yara sun yi barci tuntuni, tafin ƙafata sai zugi yake, amma hankalina ba ya kan tukunyar sam, lissafi nake ta yi a zuci, me zan zuba musu a kwanon makaranta gobe da safe, gishiri ya kusa ƙarewa, anya gas ɗin nan zai kai mu Juma'a kuwa, ragowar abincin rana na sa shi a firiji ko yana nan a kan tebur. Da na fito zan kashe fitilar falo sai idona ya sauka kan littafin da na fara karantawa wata uku da suka wuce, yana nan a hannun kujera inda na bar shi, 'yar takardar da na saƙala don in gane inda na tsaya tana shafi na 41, har ƙura ta hau bangonsa. Abin ya tsaya min a rai sosai a daren nan. Awa ɗaya tak nake nema a rana wadda za ta zama tawa ni kaɗai, kuma wata uku cur ban same ta ba.

Kada wani ya ɗauka ƙin girki nake, wallahi ina son girki. Ina son ƙamshin albasa idan ta ji mai, ina son in ga autana ya side kwano ya miƙo yana neman ƙari. Kuma na yarda ɗari bisa ɗari abincin gida ya fi, ko don mutum ya san abin da ya shiga tukunyarsa. Ɗauki gishiri kawai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba, amma a matsakaicin lissafi mutanen duniya suna cin fiye da ninki biyun haka, kuma abincin kwali da na gwangwani da na saye suna da hannu babba a ciki, don ba ka ganin lokacin da aka zuba. A kicin ɗinki kuwa hannunki ne ma'auni. To duk wannan na sani, ba sai an tuna min ba.

Abin da nake ja da shi shi ne yadda aka ɗauki ciyar da gida gaba ɗaya aka ɗora a kan mutum ɗaya, sannan aka ce hutunsa sai abin da ya rage bayan kowa ya ƙoshi. Kuma babu abin da yake raguwa, duk mai yara ya san haka.

Mutanen da ba sa shiga kicin suna auna girki da mintocin da tukunya ta yi a kan wuta, su ce ai minti arba'in ne, me ye a ciki. Minti arba'in ɗin nan shi ne ma mafi sauƙi. Kafin a kai ga kunna wuta sai an tuna me ke akwai me ya ƙare, an je an sayo, an adana, an wanke an yanka, an tuna cewa wannan yaron ba ya cin yaji, wancan kuma jiya cikinsa ya ɓaci, bayan an sauke a zuba wa kowa, a zauna a lallaɓa ƙaramin ya ci ko loma biyar, a kwashe kwanuka, a yi wanke-wanke, a goge, a rufe ragowa, kafin ki zauna an fara tambayar na dare. Kuma akwai wani ɓangaren da ido ba ya gani kwata-kwata, shi ne tunanin. Kina ofis a tsakiyar taro ana magana kina gyaɗa kai amma rabin ƙwaƙwalwarki tana gida tana buɗe firiji. Wata mai bincike a Amurka, Allison Daminger, ta yi hira da ma'aurata a kan wannan aikin na ƙwaƙwalwa ta wallafa abin da ta samu a 2019, ta kasa shi gida huɗu, hango buƙata tun ba ta taso ba, nemo hanyoyin biyanta, yanke shawara, sai bibiya a ga an yi ko ba a yi ba. Abin da ta gani shi ne hangowa da bibiya sun fi faɗawa kan mata, yanke shawara ne aka fi yi tare. Da na karanta sai na ji kamar gidana ta leƙo, don maigida ba ya ƙin amsa min idan na ce wannan za a dafa ko wancan, amma kafin a zo ga “wannan ko wancan” ni na riga na yi awa biyu ina juya abin a kaina.

Na daɗe ina zaton gazawata ce, ina cewa da na iya tsari da ban gaji haka ba. Alƙaluma ne suka cire min wannan tunanin. A rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2018, an lissafa cewa kullum ana yin awa biliyan 16.4 na aikin gida da kula da iyali wanda ba a biyan ko sisi a kansa, daidai da mutum biliyan 2 suna aikin awa takwas a rana kyauta. Fiye da kashi 76 cikin 100 na waɗannan awannin mata ne ke yin su, mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Bambancin ya kai awa uku kullum, a mako ya haura awa 20, a nan littafina ya maƙale a shafi na 41, a nan karatun wata ya tsaya, sana'ar wata ta mutu. Rahoton ya ce mata miliyan 606 da ke cikin shekarun aiki ba sa aikin samun kuɗi saboda hidimar gida, maza kuwa miliyan 41. A kan girki kaɗai ma, binciken da kamfanonin Gallup da Cookpad suka yi a ƙasashen duniya ya nuna a 2022 mace na girki sau 8.7 a mako, namiji sau 4, kuma Italiya ce kaɗai ƙasar da maza suka ɗara mata a shekarar. Don haka 'yar'uwa idan kin gaji, ba ke kaɗai ba ce kuma ba lalaci ba ne.

Duk lokacin da na yi wannan maganar sai an samu mai cewa ai iyayenmu sun yi fiye da haka ba su yi ƙorafi ba. Ina girmama iyayenmu mata, Allah ya saka musu da alheri, amma a faɗi gaskiya. Da yawansu a gida mai hannaye da yawa suka yi rayuwa, wannan ta riƙe jariri waccan ta ɗora tukunya, ba mace ɗaya a gida ita da yara uku da ogan wurin aiki da ke jiranta ƙarfe takwas na safe ba. Sannan wa ya ce ba su ji jiki ba? Rashin ƙorafi ba shi ne rashin ciwo ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Har gobe akwai mutum sama da biliyan 2 a duniya da ke girki da itace ko gawayi ko kalanzir a murhun da ke cika ɗaki da hayaƙi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin don su ne a bakin murhu. Tarin da ake cewa na tsufa ne, idon da ke ruwa, bayan da ya ranƙwafe, wani duk kuɗin abincin da muka ci ne aka biya da jiki. Ban ga dalilin da za a mayar da wannan ma'aunin da za a gwada 'ya'yansu da shi ba.

Shawara ta biyu da ake ba mu ita ce ta intanet, ki dafa na mako guda ranar Lahadi ki zuba a robobi ki jera a firiza. Na gwada, kuma ba zan ce ba ta da amfani ba, har yanzu ina haɗa miya mai yawa in raba ta kashi-kashi, tana ceto na ranar da na dawo a makare. In za ki yi dai ki kiyaye ƙa'ida, kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje bai shiga sanyi ba, firiji ya kasance ƙasa da digiri 5, kuma in za a ɗumama a ɗumama har ya yi zafi sosai ciki da waje, ba sama-sama ba. Amma fa wannan dabarar tana buƙatar firiji da wutar da ba ta yankewa, ba kowa ke da su ba, sannan abin da ya fi damuna, ranar hutun guda ɗaya ita ce take tafiya. Asabar sayayya da wanki, Lahadi tsayuwar awa biyar a kicin, Litinin ki tafi aiki a gajiye fiye da yadda kika dawo ranar Juma'a. Duk dabarun nan mutum ɗaya suke koya wa yadda zai ƙara sauri, babu wadda take tambaya ina sauran mutanen gidan. Kuma na lura duk mintin da na yi tsiminsa ba ya zuwa aljihuna, nan take wani aikin yake zuwa ya zauna a wurin, ninke kaya ne, homwok ne, neman takalmin da ya ɓace ne.

Wasu kuma su ce ki ɗauki mai aiki mana. Wanda ke da hali ya ɗauka, ya biya ta haƙƙinta da kyau, ya ba ta ranar hutu. Sai dai mu tuna masu aikin gida a duniya sun haura miliyan 75 kuma wajen kashi uku cikin huɗu mata ne, da yawansu idan sun gama girkin gidan wani za su koma su ɗora nasu da daddare. Nauyin bai ɓace ba, sauka ya yi a kan wata macen da ta fi ki rauni.

Abin da ya canza a gidana magana ce, kuma ban ji daɗin fara ta ba. Bayan daren nan da kwana biyu na samu maigida yana zaune bayan yara sun kwanta na ce, Abbansu, ina da magana. Ya ajiye waya. Na ce na gaji, gajiyar da barci ba ya cire ta. Mutumin kirki ne, nan da nan ya ce, haba Mamansu, ai da kin faɗa, duk abin da kike so in yi ki gaya min kawai zan yi. Na ce masa faɗar ita ma aiki ce, in sai na tuna, na tsara, na gaya maka, na dawo na duba ko an yi, to rabin aikin yana kaina har yanzu. Ya yi shiru ya daɗe, ina ganin ransa ya ɗan sosu, don shi a ganinsa yana ƙoƙari, kuma yana yi ɗin, shi ke kai yara makaranta, shi ma yana dawowa a jigace. Na ce ba taimako nake nema ba, so nake ka ɗauki kwana biyu a mako su zama naka tun daga tunanin me za a ci har goge wurin wanke-wanke, kada ka tambaye ni komai. Ya ce to idan bai yi daɗi ba fa? Na ce za mu ci.

A nan ne na gano nawa laifin, kuma ina so mata mu ji wannan da kyau. Makon farko abinci bai sauka ba sai kusan tara, gishiri ya yi yawa, kicin kamar an yi dambe. Ƙafata har ƙaiƙayi take in tashi in karɓi ludayin in ce kawo ka gani. Shekara da shekaru haka nake yi, duk wanda ya zo zai taya ni sai in ga bai yanka yadda nake so ba, bai wanke yadda nake so ba, in ce bar shi kawai na yi da kaina, daga baya in zauna ina jin haushin babu mai taya ni. Wanda aka ƙwace wa wuƙa sau uku ba zai ƙara ɗauka ba. Ni ma ai ba da iyawa aka haife ni ba, na ƙona tukwane ba adadi kafin hannuna ya faɗa, sai dai ni an ba ni damar in ƙona. Na danne zuciyata na yi shiru, muka ci, na ce sannu da aiki. Yanzu wata biyar ke nan, yana da abinci uku da ya ƙware a kai, su yake ta juyawa, yara har sun san ranar Abba.

Yaran ma na sa su ciki, mace da namiji ba bambanci. Babban yana da shekara goma, shi ke ɗauraye kwanuka yana jerawa, ƙanwarsa ta share wurin cin abinci ta goge, autan ya kai cokula. Wata rana babban ya ce, Mama, abokina ya ce wanke-wanke aikin mata ne. Na ce masa wanda ya ci shi ke wankewa, kai ba ka ci ba ne? Ya yi dariya ya ci gaba. Ina kallon bayansa a wurin ina tunanin wata yarinya da ban sani ba, wadda wata rana za ta zauna da shi, ina fata ba za ta tsaya ita kaɗai ƙarfe tara da rabi na dare tana kankare tukunya ba.

Na kuma sauke wa kaina wani nauyin da babu wanda ya ɗora min da baki, wato sai an yi sabon girki sau uku kullum, kowanne daban. Ɗumame abinci ne. Abu mai sauƙi da aka haɗa a minti goma sha biyar abinci ne. Maimaita na jiya ba abin kunya ba ne, balle ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya kuma wajen kashi 60 cikin 100 daga gidaje ne. Hotunan nan na Instagram da ake jera kwanuka kala bakwai, ba a nuna miki wanke-wanken da ya biyo baya, kuma wasunsu sana'arsu ke nan, da shi suke ci.

Na san akwai masu karanta wannan da ba su da wanda za su raba kwana da shi, wadda mijinta ya rasu, wanda matarsa ta rasu ya rage shi da yara, wadda aure ya mutu, wadda mijin ke aiki a nesa sai bayan watanni. Su ba za a ce musu ku zauna ku yi magana ba, da wa? Shi ya sa nake ganin maganar nan ta wuce ta cikin ɗaki, ta hukuma ce da masu ɗaukar ma'aikata. Ciyarwa a makaranta kaɗai tana sauke girki guda daga kan uwa kullum, kuma a 2022 yara miliyan 418 ne ke samunta a duniya, saura da yawa ba sa samu. Makamashin girki mai tsafta da talaka zai iya saye, ruwa a kusa, wurin renon yara da hankali zai kwanta da shi, lokacin tashi daga aiki da ake mutuntawa ba a bi mutum da saƙo har cikin dare, hutun haihuwa ga uba shi ma don ya saba da hidimar tun jariri yana ɗanye, ƙasar Suwidin tun 1974 ta ba uwa da uba damar raba hutun. A muradun ci gaba da ƙasashen duniya suka sa wa hannu a 2015 akwai saƙo ƙarara cewa a san darajar aikin gida da ba a biya kuma a raba shi a cikin iyali, wa'adin 2030 ne, ga shi ya ƙarato. Matan Aisland sun taɓa nuna wa ƙasarsu nauyin abin a aikace, ranar 24 ga Oktoba 1975 kusan kashi 90 cikin 100 nasu suka ajiye aiki, na ofis da na gida, maza suka kwashi yara zuwa wurin aiki, makarantu da wuraren reno da dama suka rufe. Kwana ɗaya ne kawai.

Lokacin da mutum zai ware wa kansa da nake magana a kai ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma ba irin wanda muke sata ba ne, a kwanta ƙarfe goma sha ɗaya a riƙe waya har ɗaya saura don shi ne kawai lokacin da babu mai kiran sunanki. Wannan daga barci ake yankar shi, alhali babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma da safe yaran ne ke biya, tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na yi hakan sau da yawa kuma yana ci min rai. Ina nufin awa ɗaya da rana tsaka ko da yamma, ido biyu, da sanin kowa, wadda aka sa a tsarin gida kamar yadda aka sa lokacin cin abinci. Uba ma yana da haƙƙin tasa, mun ware masa, don shi ma ba ƙarfe ba ne. Mutum ya yi tafiyar ƙafa, ya kira ƙawarsa su yi hira har ta ƙare ba a katse ba, ya koyi wani abu, ko ya zauna shiru kawai.

Har yanzu ina jin wani abu kamar laifi idan na rufe ƙofa ina jin ƙarar murfin tukunya daga kicin, ban san ranar da zai daina ba. Alhamis ɗin da ta wuce ina zaune da littafin nan, na kai shafi na 190 da wani abu, sai ga ƙwanƙwasa a hankali, 'yata ce, ta leƙo da kanta kawai ta ce, Mama, Abba ya ce wai ina babban ludayi? Na buɗe baki zan tashi, har na sa yatsa a tsakanin shafi, sai na ji muryarsa daga can yana cewa, ke dawo, na gan shi, ƙyale Mamanku. Ta ja ƙofar ta tafi da gudu.